Wai wa ke duba hayaƙin jiragen ruwa a tsakiyar teku?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya ce dani ga masu aikin jirgin ruwa ko masu karatun yanayi in akwai su anan. Ni ɗan kasuwa ne, muna haɗa kuɗi mu kawo kwantenar yadi daga Sin ta Legas, toh tun wajen ƙarshen 2019 ejan ɗinmu ya fara nuna mana wani caji a takardar kuɗin dako wai na sabon mai ne mara salfa (farar wuta), lokacin munyi ƙorafi yace ba daga gare shi bane, doka ce ta duniya ta tilasta wa jirage su bar baƙin mai su koma mai tsafta kuma shi yafi tsada, muka biya muka ɗora akan kaya tunda ba yadda zamuyi. Yanzu wasu kamfanonin sun narkar da shi cikin cajin mai gaba ɗaya baka ganinsa daban amma dai yana nan.

Abu biyu ne suka tsaya min. Jirgi ya taso daga Sin sai yayi sama da wata guda a ruwa, ba ɗan sanda ba kwastan ba kowa, wa zai san ko mai tsaftan yake sha ko kuwa ya karɓi kuɗinmu ne ya cigaba da zuƙar mai arha? Sai na biyu, yarona dake jami'a ya turo min bidiyo wai masana sunce wannan dokar ce ta ƙara zafin da akayi a 2023 da 2024, wai hayaƙin da ake ƙi ɗin shine yake tare mana rana. In haka ne kenan kuɗi muka biya aka ƙara mana zafi? Wanda ya sani ya warware min dan Allah, Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Ruwa

Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni a ɗakin inji nake aiki a jiragen dakon kaya, bari in amsa ɓangaren da hannuna ke taɓawa, maganar zafi na barwa masu ita.

Ejan ɗinku bai muku ƙarya ba. Hukumar IMO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkar jiragen ruwa, wadda ofishinta ke Landan, ita ta sa dokar a ƙarƙashin yarjejeniyar MARPOL ta hana jirage gurɓata teku da iska kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Kafin nan an yarda salfa (farar wuta) ta kai kashi 3.5 cikin ɗari a man jirgi, sai aka dawo da ita 0.5. Don kaga girman abin, dizal ɗin mota a Turai iyakarsa 10 cikin miliyan, namu na da kuwa 35,000 cikin miliyan. Baƙin man nan ragowa ne dake kwantawa a matata bayan an kwashe fetur da kananzir da dizal, wajen da ake samun kwalta kenan, in ya huce ko zubuwa bayayi da kyau sai mun dafa shi ya wuce digiri 120 kafin ya shiga inji.

Akwai kuma wuraren da dokar tafi haka tsauri, 0.1 ne tun Janairun 2015, tekun Baltik da tekun Arewa da mashigar Ingila, gaɓar Amurka da Kanada har mil 200 cikin ruwa, sai Bahar Rum da aka ƙara a watan Mayun 2025. In zamu shiga irin wajen tun da sauran awanni cif, wato shugaban injiniyoyin jirgi, zai kira a fara juya mai, kuma ba murɗa famfo bane kawai a tafi, mai zafi mai kauri kake cirewa kana shigar da mai sanyi tsinkakke, in kayi gaggawa famfunan allura su cije injin ya mutu maka a tsakiyar hanyar jirage, shi yasa ake sauke zafin a hankali wajen digiri 2 a minti. Kana tsaye gaban agogon zafi da na kauri gumi na zuba baka isa ka matsa ba, in an gama ka rubuta lokaci da inda jirgi yake da yawan man kowane tanki a littafi, don shi mai bincike zai fara tambaya.

Yadda ake duba mu a tasha kuwa, duk sanda muka sha mai mai sayarwa zai bada takarda da ta faɗi yawan salfar dake ciki, ana ajiye ta shekara 3 a jirgi. Ana kuma ɗibar samfur ɗigo-ɗigo a bakin bututu tun farkon lodi har ƙarshe, a cika kwalabe a ɗaure musu hatimi mai lamba, mu da wakilin mai sayarwa musa hannu, ɗaya a kulle ta ba mai taɓawa aƙalla wata 12. Jami'in tasha in ya hau zai duba takardu, in yaga dama ya sauko ƙasa ya ɗebi mai daga layin dake shiga injin da kansa, wasu suna zuwa da 'yar na'ura ta hannu dake karanta salfa cikin 'yan mintoci, in ta nuna an wuce sai a tura lab.

A tsakiyar teku gsky ba mai binka. Abinda ya toshe ƙofar doka ce ta biyu da ta fara ranar 1 ga Maris 2020, an haramta ma a samu man da ya wuce 0.5 a tankin shan jirgi ko baka ƙona shi ba, sai in kana da na'urar wanke hayaƙi. Wato ba sai an kama ka kana sha ba, ganinsa a tanki ya wadatar, kuma tan dubu biyu ko uku na mai ba abu bane da ake ɓoyewa. Kwaɗayin maguɗin yana nan fa bazan ɓoye maka ba, farkon 2020 tazarar farashin baƙin mai da mai tsafta ta kai wajen dala 300 a tan ɗaya, babban jirgin kwantena kuma yana iya shan tan 100 ko fiye a yini, kai ɗan kasuwa ne kayi lissafin. Amma babban kamfani in aka tsare masa jirgi ɗauke da kwantena dubbai ga tara ga rigimar inshora ga zubewar suna, riba ta koma asara. Inda hankalina bai kwanta ba ƙananan jiragen dakon mai ne da tsofaffin jirage masu yawo tsakanin tashoshin da ba'a cika saukowa ɗakin inji ba.

Sarkin Yakin Layi

Injiniya duk bayanin naka takarda ne da kwalba, mu kuwa munsan yadda akeyi da takarda. Wanda ya saida man shi ya rubuta takardar, wanda ya saya shi ya ajiye kwalbar, to ina bako a cikinsu? ni dai gani nake turawa hanyar kara kudin dako kawai suka kirkiro, su suka bata duniya da hayaki shekara dari yanzu kuma talakan Kano ne zai biya kudin wanki a yadin sallarsa. in da gaske ne a nuna mana wanda ya taba auna hayakin da kansa ba takarda ba

Ɗalibar Iska

Slm. Malam Sarkin Yaƙi ana aunawa wlh, kuma abinda nake karanta kenan anan Jamus, gurɓatar iska. Baba Alhaji bari in ɗora akan bayanin Injiniya.

Akwai na'urar da ake kira mai shinshina, aikinta ta zuƙi iska ta faɗi abinda ke ciki daƙiƙa bayan daƙiƙa. An kafa ɗaya a Wedel, bakin kogin Elbe, inda duk jirgin da zai shiga tashar Hamburg sai ya wuce ta gabanta. A Denmak kuma a jikin gadar Great Belt aka maƙala ta, jiragen dake shiga Baltik ta ƙarƙashin gadar suke bi hayaƙinsu na tashi kai tsaye ya same ta. Beljiyam su ƙaramin jirgin sama garesu tun 2015, matuƙin zai sauko ƙasa-ƙasa ya ratsa ta cikin hayaƙin jirgin ruwa ta baya, hukumar EMSA ta Tarayyar Turai kuma tana bada aron jirage marasa matuƙi suna wannan aikin.

Dabarar ciki mai sauƙi ce. Man jirgi kusan kashi 87 cikin ɗari kabon ne, in ya ƙone kabon ɗin ya zama CO2, salfar kuma ta zama SO2, su biyun tare suke fita tare iska ke kwasarsu. Don haka ba ruwanka da girman jirgi ko nisansa ko yadda iska ta tsinka hayaƙin, kawai ka raba yawan SO2 da yawan CO2 sai ya baka kason salfar dake cikin man da injin ke sha a wannan lokacin. A kwamfuta zakaga layi biyu suna tafiya a kwance, jirgi na wucewa sai su yi tsalle tare na minti ɗaya ko biyu su dawo. In mai tsafta ne layin CO2 ne kaɗai zai miƙe na SO2 ya ɗan motsa, in baƙin mai ne kuwa ba sai an faɗa maka ba. Sannan kowane babban jirgi yana watsa sunansa da inda yake ta na'urar AIS, sai a haɗa da alkiblar iska a gane hayaƙin waye.

Sai dai abu biyu. In iska ta juya ta kai hayaƙin ɗaya gefen toh jirgin ya wuce ba'a auna shi ba. Kuma sakamakon na'urar ba shi ake kaiwa kotu ba, ana tura sunan jirgin ne ga jami'an tashar da zai tsaya su hau su ɗebi man, wato tana nuna musu inda zasu taɓa maimakon suyi ta lalube cikin jirage ɗari. Abinda aka gani a irin waɗannan wuraren shine fiye da kashi 90 cikin ɗari na jirage suna bin doka, kuma a Denmak bayan dokar 0.1 ta 2015 salfar dake cikin iskar ƙasar ta ragu da fiye da rabi. Wannan awo ne na iska ba takardar mai sayarwa ba.

Inda maganarka take da ƙarfi Malam shine duk waɗannan na'urori a bakin gaɓar masu kuɗi suke. Can tsakiyar teku sai tauraron ɗan adam, akwai na'urar TROPOMI da aka harba a 2017 tana ganin iskar NO2, wata iska da inji ke fitarwa a hayaƙi, har ta jirgi guda ɗaya in sama tayi garau, amma SO2 na jirgi ɗaya yayi mata kaɗan. Shi yasa dokar hana ɗaukar man da Injiniya ya faɗa take da muhimmanci sosai.

Injiniyan Ruwa

Madalla ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Bari in ƙara abu ɗaya da ni yake ci min tuwo a ƙwarya, maganar na'urar wanke hayaƙi, sikiroba. Dokar ta baka zaɓi, ko ka sayi mai tsafta ko ka cigaba da shan baƙin mai amma ka wanke hayaƙin kafin ya fita, dubban jirage sun saka musamman manyan jiragen dakon mai da na kwantena saboda su suka fi shan mai kuɗin na'urar yake saurin dawo musu. Mafi yawansu irin buɗaɗɗen nan ne, famfo ya jawo ruwan teku a fesa shi cikin bututun hayaƙi ya kwashe salfar sannan a maida ruwan teku. Mai shinshina zata ga hayaƙi fes ta barshi ya wuce, amma ruwan da ya fita ta ƙasa yana da tsami yana ɗauke da ƙarafa da dattin mai, duk wanda ya taɓa ganin yadda yake cinye bututun fitarsa ya san ba ruwan kirki bane. Singafo da Fujaira da tashoshin Sin sun hana zubar da shi a ruwansu, Denmak da Suwidin ma sun hana daga Yulin 2025. A wajena wannan an gudu ne ba'a tsira ba, kuma masuntan gaɓarmu ne zasu kwashi abin in ba'a yi magana ba.

Shi ma sabon man 0.5 ɗin ba ƙaramin wahala ya bamu ba da farko, haɗe-haɗe ne kowace matata da nata, in ka gauraya na tasha biyu a tanki ɗaya sai ya kama dasƙarewa ya toshe filta, injin tace mai yayi ta fitar da laka kuna kwashewa dare da rana. Yanzu an gane kansa, ba'a haɗa su sai an gwada.

Maman Haidar

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti nan ɓangaren Apapa, haihuwar Legas ce ni iyayena ne 'yan Katsina. Alhaji ni ta ɓangaren ƙirji zanyi magana don shi nake gani kullum. A kawo maka yaro ɗan shekara uku cikin dare yana jan numfashi haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ƙirjin na fito, uwar ta rasa inda zata sa kanta, ka ɗora masa abin shaƙa kana kallon leɓensa ko zai dawo daidai, toh wanda ya saba ganin haka bazai ce rage salfa hanyar cin kuɗi bace. SO2 yana ƙuntata hanyar numfashi nan take ga mai asma, in ya daɗe a iska kuma ya zama ƙananan ƙwayoyi dake shiga can cikin huhu har jini, su ke jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Binciken da Finlan ta miƙa wa IMO a 2016 cewa yayi in aka ɗage dokar zuwa 2025 mutum fiye da 570,000 zasu mutu kafin lokaci a duniya, akasarinsu mazauna kusa da tashoshi da hanyoyin jirage, da wannan aka rufe bakin masu son a jinkirta.

Mu anan hayaƙin kashi uku ne ya haɗe mana, na jirage, na tirelolin dake layi a titi injinsu na aiki, da na janareto. Abin takaici shekaru da dama dizal ɗin da aka yarda a sayar a Najeriya salfarsa tana kaiwa 3,000 cikin miliyan, wato a lokacin jirgin dake tekun Baltik da mai 0.1 yafi tirelar dake ƙofar gidanmu tsaftar mai har sau uku. Wata ƙungiyar Suwizalan, Public Eye, ta fallasa a 2016 yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa irin wannan dizal musamman don Afirka ta Yamma, sai a 2020 ECOWAS ta amince da 50 cikin miliyan.

Tambayata ga Ɗalibar Iska, gaɓarmu tana cikin wuraren 0.1 ɗin nan ne? In bata ciki me ya hana?

Bakano a Njamena

Slm jama'a, ni ɗan ƙarin bayani ne ga Sarkin Yaƙi da yace biya kawai mukeyi. Dokar nan ta ɗaga darajar ɗanyen man yankinmu fa. Man Doba na nan Chadi, wanda ake turawa ta bututu zuwa Kiribi a Kamaru tun 2003, mai nauyi ne amma salfarsa kaɗan ce ƙwarai, da can araha ake sayensa saboda nauyin da tsaminsa, da 2020 ta matso sai masu haɗa man jirage suka dinga rububinsa don kusan kai tsaye yake shiga haɗin 0.5. Haka man Dar na Sudan ta Kudu. Na Najeriya ma irinsu Bonny Light ai daman an sansu da ƙarancin salfa. Ko kuɗin ya iso hannun talaka wannan wata magana ce daban ta mu da shugabanninmu, amma a wannan karon abinda duniya ke nema a ƙarƙashin ƙasarmu yake.

Ɗalibar Iska

Anti Maman Haidar a'a bama ciki, babu yankin 0.1 ko ɗaya a gaɓar Afirka ta Yamma, a nahiyar gaba ɗaya ƙasashen bakin Bahar Rum ne kawai suka samu a 2025. Mu 0.5 ne har cikin tasha, alhali a Tarayyar Turai jirgin dake ɗaure a tasha 0.1 yake ƙonawa tun 2010. Kuma ba IMO ke rabawa ba, ƙasashen yanki ne ke haɗuwa su kai buƙata da hujja, yawan jirage, awon iska, lissafin marasa lafiya, toh kinga sai an auna kafin a nema. Tsarin binciken jirage na yankinmu akwai shi, yarjejeniyar Abuja ta 1999, a Najeriya NIMASA, hukumar kula da jiragen ruwa, ce ke hawa jirage. Ni abinda nake gani mashigar Legas wuri ne da ya dace da mai shinshina sosai, duk jirgin Apapa da Tin Can ta wannan siririyar hanyar yake shiga tsakanin katangun dutse biyu, kuma mafi yawan shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, ka kafa ta a ɓangaren gabas hayaƙin da kansa zai zo maka.

Baba Alhaji sai maganar zafi. Akwai gaskiya a bidiyon amma an ƙara mata gishiri. Ɗigon ruwan gajimare baya haɗuwa sai ya samu ƙwayar da zai kama, ƙwayoyin salfa kuwa sun iya wannan aikin, in jirgi ya bi ta ƙarƙashin gajimare mai ƙasa-ƙasa sai ɗigon su yawaita su ƙanƙance, gajimaren yayi fari tas ya dinga maida hasken rana sama. Tun shekarun 1960 ake ganin haka a hotunan tauraron ɗan adam, fararen layuka dogaye akan teku daidai inda jirgi ya bi. Wani masanin NASA (hukumar sararin samaniyar Amurka), Tianle Yuan, da abokan aikinsa sun sa kwamfuta ta ƙirga layukan a hotunan shekaru kusan ashirin, suka wallafa a 2022 cewa a 2020 sun ragu da fiye da rabi a manyan hanyoyin jirage. An kuma ga canjin gajimare a hanyar dake wucewa ta gaban Angola da Namibiya. Har tsawa abin ya taɓa, a hanyar Siri Lanka zuwa Sumatra walƙiya ta kusa ninka ta gefen hanya saboda hayaƙi, bayan 2020 ta ragu sosai. Wannan ma amsa ce ga tambayarka ta farko Baba, da jirage basu canja mai a tsakiyar teku ba da sama bata canja ba. Lissafin IMO shine salfar jirage ta ragu da kashi 77 cikin ɗari, wajen tan miliyan 8.5 a shekara.

Inda masana suka rabu shine yawan zafin da hakan ya ƙara. James Hansen, tsohon shugaban wata cibiyar NASA, yana ganin babba ne kuma ɗumamar ta ƙara gudu. Mafi yawan lissafin kuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na digiri suke bayarwa, kuma yafi ƙarfi a arewacin Atlantika da Fasifik inda jirage suka fi yawa. Shekarar 2024 ta wuce zamanin kafin masana'antu da kusan digiri 1.5, kaga kason jirage ɗan kaɗan ne a ciki, ga El Nino na 2023 (ɗumamar ruwan tekun Fasifik dake ƙara zafin duniya) ga uwa uba CO2 da ake ta tarawa. Zafin Afirilun 2024 da Kayes ta Mali ta kai 48.5 ba jirgin ruwa ne ya kawo shi ba.

Kuma dokar bata ƙirƙiri zafi ba, zafin da yake nan ne ya bayyana. Kamar fanadol ne ga mai maleriya, yana danne zazzaɓi cutar na cin jiki, sai dai wannan fanadol ɗin shi kansa yana kashe mutanen da Anti ke jinya. Salfa kwanaki kaɗan takeyi a sama ruwa ya wanke ta, CO2 kuwa ɗaruruwan shekaru, in kace da salfa zaka tare zafi sai ka dinga ƙara ta kullum har abada. Canja man bai rage CO2 ɗin jirage ba, har yanzu suna bada wajen kashi 3 cikin ɗari na duniya, rigimar da akeyi a IMO yanzu kenan.

Ɗan Kwari

Masha Allah, Allah ya muku albarka baki ɗaya, 'yata Allah ya bada sa'ar karatu ya dawo mana dake lafiya ki kafa mana na'urar nan a Legas. Maman Haidar maganarki ta shige ni don jikata ma tana fama da asma. Saura abu ɗaya Injiniya, jirgin dake ɗauko kayanmu daga Sin ai baya bi ta Jamus ko Denmak, toh shi a ina ake kama shi in yayi ba daidai ba? kuma ta yaya zan gane cajin da ake saka min bai wuce ƙa'ida ba

Injiniyan Ruwa

Haka ne Alhaji, naku ta mashigar Malaka yake bi ya ratsa tekun Indiya ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu ya hauro, baya shiga yankin 0.1 na IMO ko ɗaya. Inda ake matsa masa tun can farko ne. Sin tana da nata dokar a gaɓarta, 0.5 tun Janairun 2019 shekara guda kafin sauran duniya, kuma jami'ansu suna saukowa su ɗebi mai. Sannan da yawa a Singafo suke shan mai, ita ce tasha mafi girma a duniya wajen sayar da man jirage, masu sayarwa da lasisi suke aiki kuma ana ƙwacewa, tun 2017 dole da mita ake aunawa. Kamfanoni kuma da kansu suke tura samfur lab duk shan mai don tsoron lalacewar inji, sakamakon yana zuwa da yawan salfa a jiki, cif bazai fara ƙona man ba sai ya gani in dai da hali.

Maganar caji, farashin man 0.5 a Singafo da Rotadam da Fujaira ana buga shi kullum a intanet kyauta, manyan kamfanonin dako kuma suna fitar da sanarwar cajin mai na kowace hanya a shafinsu, wasu duk wata wasu duk wata uku, an rubuta na kwantena mai ƙafa 20 daban na mai ƙafa 40 daban. Kace wa ejan ya baka takardar asali ta kamfanin jirgin ba wadda ya sake bugawa ba, ka duba hanyar Asiya zuwa Afirka ta Yamma na watan da aka loda kayanka ka gwada da abinda ya rubuta maka. In kuna raba kwantena ne ku da yawa a raba cajin gwargwadon wurin da kayan kowa ya ci, kar a saka wa kowannenku cikakke.